Filin Tambaya da Amsa: Ina Chigurh Ya Shige a Ɗakin Otal ɗin El Paso?

Saƙonnin wannan watan sun taru a kan fim guda, No Country for Old Men, wanda 'yan'uwan nan biyu Joel da Ethan Coen suka fitar a 2007 daga littafin Cormac McCarthy mai wannan suna na 2005. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: mutum ya zauna awa biyu da minti biyu, fim ya ƙare, bai san wa ya ci wa ya sha ƙasa ba. Mun ajiye littafin a dama, fim ɗin a hagu, muka bi su fitowa bayan fitowa. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don za mu fasa ƙwai. Kuma fim ne mai jini, ba na zama da yara ba.

Ga labarin a gurguje. Shekarar 1980 ce, a yammacin jihar Texas ta Amurka, dab da iyakar Meziko. Llewelyn Moss, mai walda kuma tsohon sojan yaƙin Biyetnam, ya fita farautar barewa ya yi kiciɓis da gawarwakin masu cinikin ƙwaya da suka harbe juna, da wata jaka maƙare da kuɗi, dala miliyan 2 a fim, miliyan 2.4 a littafi. Ya ɗauke. Makashin haya Anton Chigurh ya biyo sawunsa, mutanen Meziko masu kayan su ma suka biyo, sannan can a baya ga dattijo Ed Tom Bell, shugaban 'yan sandan gundumar Terrell, wanda kullum sai an gama ɓarna yake isowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni fa ina jin kwafin da aka tura mini a waya yankakke ne. Ina kallon Moss yana hira da wata mata a bakin wurin ninƙaya, sai kawai ga gawarsa a ƙasa. Ina faɗan? Ta yaya za a kashe jarumi ba a nuna ba? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwafinka lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa, haka aka tace fim ɗin. Bayan hirar nan hoto ya dushe, sai kyamara ta koma cikin motar Bell. Tare da shi muka ji ƙarar bindigogi daga nesa, muka ga wata a-kori-kura ta fito a guje mutane suna ɗarewa bayanta, muka ga gawar matar a cikin ruwa, sannan Moss kwance a ƙofar ɗaki. Abin da Bell ya gani shi kaɗai aka ba mu.

Abu na farko da mutane ke kuskurewa: ba Chigurh ne ya kashe shi ba, mutanen Meziko ne. Kuma an nuna yadda suka gano inda yake, sai dai a cikin 'yar fitowar da ake ɗauka ta ban dariya ce. A tashar mota wani mutum cikin kwat ya zo yana taya surukar Moss ɗaukar kaya, ita kuma tsohuwa mai yawan mita ta zayyana masa cewa El Paso za su, har da masaukin. A littafi hanyar daban ce. Matar Moss, Carla Jean, ta buga wa Bell waya ta faɗa masa inda mijinta yake, ashe akwai masu sauraron layin, nan take ɗaya ya ɗauki bindiga ya shiga mota.

Shi ma McCarthy bai nuna kisan ƙuru-ƙuru ba. A wurinsa abin ya faru ne a garin Van Horn, kuma daga bakin wani shaida aka ji. Moss ya rage wa wata yarinya 'yar shekara 15 hanya, wadda ta gudo daga gida. Shafuka da yawa suna hira, ya saya mata abinci, ya ba ta kuɗi, ya kama mata ɗakinta daban. Da maharin ya zo sai ya cafke yarinyar ya ɗora mata bindiga, Moss ya ajiye tasa, mutumin ya harbe su duka biyu, Moss kuma ya samu ya harbe shi kafin ya cika. A ganinmu nan ne kaɗai fim ɗin ya yi asarar gaske da ya cire yarinyar. A littafi ka san Moss ya mutu ne don ya ƙi a kashe wata saboda shi, ka kuma ji ɗacin da matarsa ta haɗiya da aka ce mijinta ya mutu tare da wata yarinya a otal.

Batun jarumi kuma, idonmu ne ya saba da fim ɗin da jarumi da bos ke haɗuwa a ƙarshe a yi ta ta ƙare. Duba muryar da ta buɗe fim ɗin da fuskar da ta rufe shi, duka na Bell ne. Labarinsa ake ba ka, Moss ya ari kyamarar ne na wani lokaci. Har haɗuwar da littafi ya yi wa Moss da Chigurh a otal ɗin garin Eagle Pass, inda Moss ya ɓuya a ƙarƙashin gado ya rutsa shi da bindiga suka kalli juna ido da ido amma ya ƙyale shi da rai, 'yan Coen sun cire ta. A fim harbin juna suka yi cikin duhu, sai magana ɗaya ta waya.

Tambaya: Malamai, mun yi gardama da maigidana har abinci ya huce. Lokacin da Bell ya koma otal ɗin da dare, an nuna Chigurh a tsaye cikin duhu riƙe da bindiga. Bell ya tura ƙofa, babu kowa. Maigidana ya ce ta taga ya fita, ni na ce aljani ne kawai. Ina ya shige? (Wata malamar makaranta daga Maraɗi)

Amsa: Malama, ki ba maigida haƙuri, ta taga dai bai fita ba. Ki mayar da fitowar baya ku sake kallo tare, a hankali, kuna dakatar da hoton a wurare biyar.

Na ɗaya, hirar Bell da takwaransa na El Paso kafin ya koma. Nan Bell ya ce wani lokaci yana jin kamar mutumin nan fatalwa ne, ɗayan ya ce a'a, mutum ne, ya kuma tuna masa cewa a Eagle Pass ya kashe ma'aikacin otal, washegari ya sake komawa wurin ya kashe wani. Wannan maganar ce ta juya kan motar Bell. Na biyu, ƙofar: an fasa zuciyar makullin, ramin ya zama fanko, wanda shi ne tambarin Chigurh tun farkon fim. Na uku, hoton Chigurh ɗin kansa, cikin duhu, ɗan haske na shigowa ta ramin makulli. Na huɗu, yadda ƙofar ta buɗe: ta tafi har ta daki bango, babu gurbin da ƙaton mutum da doguwar bindiga zai maƙale a bayanta. Na biyar, banɗaki: kyamara ta matsa musamman ta nuna sakatar tagar a kulle ta ciki. Daga nan Bell ya zauna a bakin gado ya hango murfin ramin iska a cire, sukurori a ƙasa, da ɗan kwabon senti 10 da aka kwance su da shi.

To, fassara uku ake yi. Wasu sun ce yana bayan ƙofar ya sulale lokacin da Bell ya shiga banɗaki. Bugun ƙofar a bango ya raunana wannan. Wasu sun ce yana ɗakin da ke kusa ne, kyamara ta yaudare mu muka ɗauka ɗaki ɗaya ne. Wannan ba ta saɓa wa hankali ba, sai dai ba a taɓa nuna an fasa makullin wani ɗaki na biyu a wurin ba. Ta uku ita muka fi karkata gare ta: Chigurh ya riga ya zo ya tafi, abin da muka gani kuwa shi ne abin da ke cikin zuciyar Bell sa'ad da yake tsaye yana kallon ramin makullin. Amma gaskiya ita ma tana da rauni, kuma ba za mu ɓoye ba. Babu wani wuri a fim ɗin da aka nuna abin da mutum ke rayawa a ransa. Ko mafarkin ƙarshe da baki aka ba da shi, ba a nuna ba. In dai tunanin Bell ne, to sau ɗaya tak aka karya wannan ƙa'ida.

Kada ku ce za ku buɗe littafi ya raba gardamar, don a nan ba abu ɗaya suka ba da ba. A littafi Chigurh ya shiga ɗakin, ya ciro jakar daga ramin iska, ya koma motarsa a wurin ajiye motoci, yana shirin tayarwa sai ga Bell. Ya zauna cikin duhun mota da bindiga a cinya yana kallonsa. Bell ya shiga, ya ga murfin a cire, jikinsa ya ba shi cewa mutumin yana waje. Ya fito ya shiga motarsa ya ja gaba kaɗan, ya kira ƙarin 'yan sanda, aka bi motoci ɗaya bayan ɗaya, ba a samu kowa ba. Ka ga a nan babu wani ruɗani game da inda Chigurh yake. 'Yan Coen ne suka ɗauko shi daga mota suka kai shi bayan ƙofa, sannan suka ɗauke shi.

Abin da ba a gardama a kai shi ne abin da Bell ya yi. Ku tuna lokacin da suka je gidan Moss da mataimakinsa Wendell, cewa ya yi yaron ya zare bindiga, shi a bayansa zai ɓuya. A ƙofar nan ta El Paso kuwa shi kaɗai ne, ya gaskata mutuwa na ciki, ya zare bindigarsa, ya tura. Bai tarar da kowa ba, kuma daga wannan daren bai ƙara bin sawun kowa ba, sai maganar ajiye aiki. Batun aljani, Malama, aljani ba ya fasa kantin magani don ya yi wa raunin ƙafarsa magani, ba ya kuma karyewa a hatsarin mota har ƙashi ya leƙo.

Tambaya: To kuɗin fa, wa ya tafi da su? (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Chigurh. Littafi ya faɗa ƙarara, har ya ƙara da fitowar da babu ita a fim: ya kai jakar ofishin wani attajiri mai hannu a cinikin, ya ce kusan dala dubu 100 sun yi ciwon kai, ya kuma nemi a riƙa ba shi aiki nan gaba tunda an ga shi mai cika alkawari ne.

Fim bai faɗa ba, amma ya bar sawu. Can baya a otal ɗin Del Rio, Moss ya tura jakar cikin ramin iska, ya kama wani ɗaki da ke bayan nasa, ya haɗa sandunan tanti da maratayin kaya ya naɗe da salatif ya janyo ta ta ɗaya ɓangaren. Chigurh ya zo daga baya ya kwance murfin da kwabo ya ga sawun jan jaka a kan ƙura. Tun daga nan ya san maɓoyar Moss. Mutanen Meziko da suka yi harbi a El Paso a guje suka fita, ba su da lokacin kwance sukurori, 'yan sanda kuma ba da kwabo suke aiki ba. Sai ka haɗa da takardar dala 100 da Chigurh ya miƙa wa yaro ya sayi rigarsa bayan hatsari.

Tambaya: Ranku ya daɗe, shin ya kashe Carla Jean ko ya ƙyale ta? Ba a ji ƙarar bindiga ba, kuma ta ƙi cankar kwabon. Ni ina ganin tunda ba ta canka ba, ba shi da hujjar kashe ta. (Wata mai karatu daga Kano)

Amsa: Da ma haka ne, 'yar'uwa, amma ya kashe ta. Ki duba abin da ya yi da ya fito: ya tsaya a baranda ya ɗaga ƙafa ɗaya ya duba ƙasan takalminsa, ya ɗaga ɗayar. Fim ɗin ya ɗauki lokaci yana koya mana cewa mutumin nan ba ya son jini ya taɓa shi. A Del Rio da ya rutsa wani a wurin wanka, sai da ya ja labule tukuna ya harba, bayan ya gama ya cire safarsa ya yar. Da ya kashe Carson Wells, ɗaya makashin da aka turo, yana cikin waya da Moss ya ga jini na malalowa, ya ɗage ƙafafunsa ya ɗora a kan gado. Wanda aka nuna wa waɗannan uku ba ya bukatar jin ƙara. Ga shi kuma ba kwabo ne ya kai shi gidan ba, alkawari ne. A wayar nan ya ce wa Moss ya kawo kuɗin ya bar matarsa da rai, Moss ya ƙi. Kwabon wata 'yar ƙofa ce da ya buɗe mata a kan hukuncin da ya riga ya yanke.

Bambancin da ke tsakanin littafi da fim a nan shi ne mafi girma a duk labarin, ko da yake a layi biyu yake. A littafi Carla Jean, 'yar shekara 19, ta yi ta kuka tana roƙo, daga ƙarshe ta canka, ta faɗi, ya yi mata dogon bayani a kan yadda kowane zaɓi da ta yi a rayuwa ya kawo ta wannan ɗakin, ta amsa cewa ta gane, ya harbe ta. Wato ya ci ta da hujja kafin ya ci ta da harsashi. A fim ta ƙi. Ta ce masa kwabo ba shi da ta cewa, shi ne dai mai yi. Duk fim ɗin babu wanda ya tsaya ya ƙwace masa wannan mafaka sai ita. Mai gidan man nan na farkon fim, wanda aka sa shi canka a kan kwabon 1958 da Chigurh ya ce shekara 22 yana tafiya kafin ya iso wurin, bai ma san ransa ya sa a caca ba. Wells ya yi tayin dala dubu 14 don a bar shi da rai. Ita kaɗai ta kira abin da sunansa.

Mu dai mun fi son ta fim. Kuma ki lura da abin da ya biyo baya nan take: yana tuƙi a natse, fitila ta ba shi hannu, wata mota ta keto ta yi ciki da shi. Mutumin da ke ɗaukar kansa manzon ƙaddara ga shi zaune a gefen titi yana sayen rigar yaro ya rataye hannu, kamar yadda Moss ya sayi rigar wani saurayi dala 500 a kan gadar shiga Meziko yana zubar da jini.

Wanda aka bari a buɗe da gaske shi ne akawun nan da ke ofishin mutumin da ya turo Wells. Ya tambaya ko shi ma za a harbe shi, Chigurh ya mayar masa da tambaya ko ya gan shi, aka yanke. Babu takalmi, babu labule. A littafi ma babu akawun sam.

Tambaya: Wace irin bindiga ce ta Chigurh mai tukunyar gas? (Wani makaniki daga Jos)

Amsa: Ba gas ba ne, Malam, iska ce da aka matse, kuma kayan mayanka ne. Tukunya, mesa, da kan bindiga mai sandar ƙarfe a ciki. In aka danna, iska ta harba sandar ta fito 'yan inci kaɗan ta daki goshin bijimi ta sumar da shi, sannan ta koma ciki. Shi ya sa rahoton gawar mutumin da ya kashe a bakin hanya ya ruɗa Bell: rami a goshi, babu inda harsashi ya fita, babu kuma harsashi a ciki. Da ita yake fasa makulli, sandar ta bugi zuciyar makullin ta yi tsalle cikin ɗaki. Aibinta sai an manna ta a jiki take aiki, shi ya sa yake ɗauke da doguwar bindiga mai abin rage ƙara. Akwai wurin da Bell ke ba Carla Jean labarin yadda ake kashe shanu a zamanin yanzu, ya kwatanta wannan na'urar daidai, sannan ya ce hankalinsa ne ke yawo. Amsar tana bakinsa bai kama ta ba, ko kuwa ya kama bai so ya furta ba.

Tambaya: Da Moss bai koma da dare kai ruwa ga mutumin nan da ya tarar da sauran numfashi cikin gawarwakin ba, da ya tsira ke nan? Kamar fim ɗin na cewa taimako ne ya kashe shi. (Wani mai karatu daga Garwa)

Amsa: Rabi da rabi. A cikin ɗaya daga ɗaurin kuɗin an huda tsakiya an cusa 'yar na'urar bin sawu, kuma Moss bai gano ta ba sai a Eagle Pass, bayan an riga an cim masa sau ɗaya. Amma na'urar ba ta da dogon zango, sai mai nema ya matso kusa take fara ƙara. Abin da komawar ta jawo masa shi ne motarsa da ya bari a wurin. Daga lambar jikinta aka samu sunansa, daga suna aka samu gida, a gidan Chigurh ya ɗauki takardar kuɗin waya ya ga garuruwan da suke kira. Da bai koma ba, da sai sun yi ta zagaye da na'ura suna saurare, kuma gidansa ba nisa ne da wurin ba, saboda haka jinkiri ya fi kusa da abin da zai samu, ba tsira ba. Kuskuren da ya fi kai ruwan muni shi ne kwana da kwanaki da jaka bai zazzage ta ya duba ɗauri-ɗauri ba. Karen nan da ya bi shi cikin kogi da asuba, ƙarin 'yan Coen ne.

Tambaya: Ƙarshen ne ya ba ni haushi. Tsoho ya zauna yana ba matarsa labarin mafarki, sai allo ya yi baƙi. Mene ne ma'anarsa, kuma me ya sa ya ajiye aiki bai kama kowa ba? (Wani ma'aikacin asibiti daga Sakkwato)

Amsa: Mafarkin biyu ne, duka a kan mahaifinsa, wanda Bell ya ce yanzu ya girme shi da shekara 20, wato a mafarkin uban ne saurayi. Na farko gajere: sun haɗu a gari, uban ya ba shi kuɗi, ya batar. Na biyu: suna kan dawakai da dare a wata hanya tsakanin duwatsu, ga sanyi ga ƙanƙara, uban ya wuce shi lulluɓe da bargo kansa a sunkuye bai ce komai ba, yana ɗauke da wuta a cikin ƙaho. Dabarar mutanen da ce, a zuba garwashi a ƙaho a yi tafiya da shi, kamar yadda ake ɗebo wuta a kasko daga maƙwabta. Bell ya san uban zai je gaba ya hura wuta a cikin duhun nan, kuma duk sa'ad da ya isa zai same shi. Sai ya ce ya farka. Agogo na bugawa, hoto ya ɗauke.

Na farkon amana ce da aka ba shi ta suɓuce. Na biyun ana karanta shi ta fuska biyu, kuma jimlar ƙarshe ce ke riƙe da duka: ko dai alkawarin haɗuwa ne bayan mutuwa, ko kuma farkawar na nufin ta'aziyyar ma mafarki ce. Ba a zaɓa maka ba, a littafi ma haka, don da wannan jimlar shi ma ya rufe.

Dalilin ajiye aikin ne littafi ya fi fim bayani nesa ba kusa ba. Babi 13 ne, kowanne yana buɗewa da Bell yana magana shi kaɗai, kuma a ciki akwai sirrin da fim ya cire ɗungurungum. A Yaƙin Duniya na Biyu an ba shi lambar yabo, alhali shi ya san da dare ya yi ya gudu ya bar mutanensa a wani gidan gona da aka ragargaza. Shekara da shekaru yana aikin ɗan sanda kamar mai biyan bashi, sai ga Chigurh ya sa ya ji ya sake ja da baya. Wannan ya faɗa wa kawunsa Ellis. Akwai kuma 'yarsa da ta rasu, wadda yake hira da ita a zuci. A littafi uban nasa ma dillalin dawaki ne, kakan ne ɗan sanda. Fim ne ya mayar da uban ɗan sanda don gadon ya fito fili.

Da aka cire yaƙin, sai nauyin ya koma kan maganar Ellis, tsohon da ke keken guragu cikin kyanwoyi. Bell na kukan zamani ya lalace, Ellis ya ba shi labarin wani kawunsu da aka harbe a ƙofar gidansa matarsa na kallo, a 1909 a fim, 1879 a littafi. Ya nuna masa ƙasar nan dama can mai tsanani ce, kuma ɗaukar cewa kai za ka tare abin da ke tafe girman kai ne. Sunan fim ɗin, wanda aka aro daga wata waƙar W. B. Yeats na ƙasar Ireland, yana nufin ƙasar ba ta tsofaffi ba ce. In ka bi ta Bell, ƙasar ce ta canza. In ka bi ta Ellis, Bell ne ya tsufa.

Tambaya: Wanne zan fara, littafin ko fim ɗin? Turancina matsakaici ne. (Wata ɗaliba daga Yamai)

Amsa: Fara da fim, ki karanta littafi, ki sake kallon fim. Littafin ba shi da wuyar kalmomi sosai, wuyarsa biyu ce: McCarthy ba ya sa alamar zance, sai ki bi layi-layi ki gane wa ke magana, kuma yana rubuta Turancin karkarar Texas yadda ake furta shi. Shafi 20 na farko ne masu wahala. Sassan Bell an buga su da karkataccen rubutu, kada ki tsallake su don gaggawar komawa wurin harbi. Tun a shafin farko za ki ga bambanci: littafi ya ce ɗakin gas aka kai yaron da Bell ya sa aka yanke wa hukuncin kisa a gidan yarin Huntsville, fim ya mayar da ita kujerar lantarki, wadda ita ce Texas ta yi amfani da ita a zahiri.

Wajen kallo, abu biyu ke lalata fim ɗin. Na ɗaya matsattsen kwafi na waya. Roger Deakins ya ɗauki fitowa da yawa cikin duhu, in aka matse fayil ɗin sai duhun ya dunƙule ya zama baƙi ƙirin, ki rasa sakatar taga da kwabon da ke ƙasa. Na biyu sauti. Kusan babu kiɗa a fim ɗin, ƙananan ƙararraki ne ke ba da labari, don haka ki sa abin kunne. Gwada da fitowar Eagle Pass: Moss zaune a bakin gado cikin duhu, ya buga waya ƙasa wurin mai karɓar baƙi, ana jin wayar na ta ringi can nesa ba a ɗauka ba. Sai takun ƙafa, sai ƙarar na'urar bin sawu tana ƙara sauri, sai inuwar ƙafafu biyu a ƙarƙashin ƙofa. Inuwar ta wuce, aka ji ɗan ƙugin ƙwan fitila ana murɗe shi, hasken ƙasan ƙofar ya mutu. Fim ɗin ya samu kyautar Oscar huɗu a 2008, ciki har da ta Javier Bardem da ya fito a Chigurh, amma a lasifikar waya cikin hayaniyar tsakar gida, wannan fitowar ba za ki ji komai a cikinta ba sai harbin ƙarshe.